Sati Uku Ina Neman Kanwa

Na san labarin da kuke bayarwa a kaina duk lokacin da aka taru da salla. Cewa kuke yi babanku, da duk karatunsa, ya yi sati uku yana yawo a kasuwannin Kuala Lumpur ya kasa samo kanwa, sai da tsohuwa ta fita da ƙafarta ta gano ta kafin azahar. Kuna faɗa kuna dariya, mahaifiyarku tana taya ku, ni kuma in kama duban waya kamar ban ji ba. To na gaji da wannan shirun. Kanwa na same ta tun a kwana na huɗu. Abin da ya biyo baya ne ba wanda ya gaya muku, kuma shi nake so in rubuta tun ina da sauran ido.

Shekarar da aka haifi Nafisa ina karatun digiri na uku, muna zaune a Wangsa Maju, a hawa na sha ɗaya na wani dogon gini, ɗaki biyu da falo da kicin wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita kafin a buɗe firij. Haihuwar fari ce ga mahaifiyarku Zulai, kuma a al'ada gida ya kamata ta tafi wanka. Likita ta hana ta doguwar tafiya, don haka muka yanke shawarar a kawo mata gidan nan inda take. Aka yi wa kakarku Inna takardu, ta taso daga Rano, matar da iyakar tafiyarta a duniya ita ce Makka, sau ɗaya.

Ku da kuke zama kujera ɗaya da surukanku kuna nuna musu hotuna a waya ba za ku gane halin da na shiga ba. Shekara biyu da aure ban taɓa cin abinci a gaban Inna ba, ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarta ba, in na gaishe ta a tsugune nake yi daga bakin ƙofa. Zulai kuma 'yar fari ce, Inna ba ta kama sunanta, ba ta hira da ita, sai dai ta ce "'yar nan". A Rano wannan ba komai ba ne, gida ne mai zaure da tsakar gida da mutum ashirin da za a aika da saƙo. A Wangsa Maju mu uku ne rak, kuma ko tari mutum ya yi sauran biyun sun ji. Sai muka koma magana da bango. Inna tana zaune a falo, ni ina tsaye taku uku daga inda take, ta ɗaga murya ta ce a ce wa Malam gas ya ƙare, ni kuma in dubi labule in ce a ce wa Inna yanzu za a kawo. Abincina a ɗaki nake ci a ɓoye kamar ɓarawo, ko in sauka shagon mamak na ƙasan gini, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, in ci gurasarsu ta roti da shayi.

Matsalar ta faro ne tun daga filin jirgi. Inna ta ɗauro wata ƙatuwar jaka cike da kayan jego: gero surfaffe, daddawa, kuka, kimba, yaji daka biyu, busasshen ganyen darbejiya, da jar kanwa wadda ta aika aka zaɓo mata musamman. Ma'aikatan filin jirgi suka buɗe, warin daddawa ya bugi na farko ya ja da baya, na biyu ya ɗaga dunƙulen kanwa yana juya shi yana kallon tsohuwa. Ba ta jin yarensu, ba sa jin nata. Suka riƙe jakar gaba ɗaya. Ta fito da butarta da 'yar akwatin tufafi, idonta jajir, ko gaisuwata ba ta amsa da kyau ba. Muna shiga gida, kafin ta sha ruwa, ta dubi bango ta ce:

"A ce wa Malam ya ɗauko takarda."

Na rubuta abu sha bakwai. Kanwa ce ta farko, kuma ta sa na ja layi a ƙarƙashinta.

Ban taɓa sanin cewa ban iya cefane ba sai a wannan makon. Kasuwar Chow Kit na fara zuwa, inda ƙasa kullum a jiƙe take da ruwan kifi, silifas ɗinka yana yi maka fatsa har gadon baya, ga zafi mai danƙo, ga warin wani ɗan itace mai ƙaya da suke mutuwar so wanda ni har na baro ƙasar ban iya tsayawa kusa da shi ba. Can na samo citta da kanumfari da masoro da tsamiya, da ƙafar sa ta farfesu. Duk abin da ka tambaya sai a yi murmushi a ce maka "boleh, boleh", wato zai yiwu, sannan a miƙo maka wani abu daban. Gero kuwa babu wanda ya san shi, sai wani mai kaji ya ce in gwada wajen masu sayar da abincin tsuntsaye, abin da ya ɓata mini rai har na manta ledar cittata a teburinsa. Washegari aka ce in tafi Brickfields, unguwar Indiyawa. Nan na ga gero a buhu, ƙanana-ƙanana kamar bai ƙoshi ba, amma dai gero ne. Darbejiya kuma a wajen wata mata mai sayar da furannin da ake kaiwa wurin bautarsu na same ta, ɗanya shar. Na tsaya ina waige-waige kada wani ɗan Najeriya ya gan ni a wannan layin ya kai labari masallaci. Rana ta uku na tafi unguwar Masjid India na sayo zannuwa da kaskon turare, ruwan sama ya kama ni a hanya ya yi mini jagab.

Kowace yamma in zube kaya a tabarma in koma bakin ƙofa, Inna ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta murje geron a tafin hannu ta ce na bara ne. Ta karya citta ta ce ruwa ne zalla. Ta ɗaga ƙafar sa ta ce wannan san da yunwa ya mutu. Sannan ta dubi bango.

"A tambayi Malam, kanwar fa?"

A kwana na huɗu na kira Isyaku, wani mutumin Gusau da ya riga ni zuwa da shekara biyar, wanda babu lungun da bai sani ba a garin, kuma ba ya bari ka manta da hakan. Ya kai ni bayan kasuwar Chow Kit, muka hau wani siririn bene a saman shagon gyaran waya, ba allo, ba alama. Ƙofa na buɗewa na ji kamar an jefa ni Sabon Gari: manja, busasshen kifi, garin kwaki, egusi. Mai shagon wata Inyamura ce mai jiki, ana ce mata Maman Obinna. Na fara kame-kame da Turanci, ta katse ni da Hausa tas, irin ta wadda ta tashi a Kano.

"Malam, faɗi abin da kake so, ka bar wahalar da bakinka. Ungurnu ko ja?"

Na sayi jar kanwa dunƙule biyu, na sa a jakar makarantata, na fito ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi. Ina cikin LRT, jirgin ƙasa na cikin gari, waya ta shigo cewa naƙuda ta tashi. Daga tasha asibiti na wuce, da jakar a kafaɗata, kanwar tana ciki, na ma manta da ita.

Nafisa ta zo lafiya, amma mahaifiyarku ba ta ji da daɗi ba. Jininta ya hau ƙwarai, ƙafafunta suka kumbura har yatsun suka zama kamar ba nata ba, kwana huɗu suna riƙe da ita. Ranar sallama likitar, wata gajeriyar Ba'indiya mai tabarau, ta zaunar da mu ni da Zulai, Inna tana waje da jaririya. Ta ce ta san kowace ƙabila tana da abin da take ɗura wa mai jego, Malayawa da nasu, 'yan Sin da nasu, su ma da nasu, to mu mene ne namu? Na yi mata bayanin kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa, har da alfaharina na zaro dunƙulen daga jaka na ajiye mata a tebur. Ta juya shi, ta tambayi sunansa, ta yi 'yan dube-dube a kwamfuta. Sai ta cire tabarau. Ta ce wannan abu gishiri ne ya cika shi, kuma mace mai hawan jini irin na Zulai in ta yi kwana arba'in tana shansa, zuciyarta za ta iya kumbura ta gaza. Ta ce ko cokali ɗaya ba ta yarda ba, wanka kuma da ruwan ɗumi kawai.

Muna fitowa na rage murya na ce wa Zulai sai ta yi wa Inna bayani.

"Ni?" in ji ta. "Ni zan dubi Inna in ce mata kunun da ta sha a haihuwata shi zai kashe ni? Matar da ko sunana ba ta faɗa? Kai ne maigida, kai ka ji Turancin."

"Surukata ce fa, Zulai. Da wane bakin?"

"To ka ce ba a samu ba. Ai ba ta san ka samo ba."

Shawarar ke nan da mutum biyu masu ilimi suka yanke a barandar asibiti, cikin minti ɗaya, kuma ni na fi laifi domin ni na ji daɗinta. Wankan bai ba mu wahala ba, don tukunyar da ta fi kowace girma a gidan ba ta cika rabin bokiti, kafin ta biyu ta tafasa ta farko ta huce. Inna ta yi mitarta ta haƙura. Kanwar ce ta zame mini kaya. Ba zan iya ajiye ta a gida ba, domin Inna ko aljihun wandona sai ta zazzage kafin ta wanke. Zuba abin ci a shara kuma hannuna ya ƙi. Sai na hau benen nan na mayar wa Maman Obinna, na ce ta ba duk wanda ta ga dama. Ta tambaye ni dalili, ni kuma da abin ya cika mini ciki na zauna a kan buhun garin kwaki na kwashe labarin duka na gaya mata. Abin da na kasa faɗa a gidana na faɗa wa matar da sau biyu na taɓa gani.

"Ka gaya wa tsohuwar nan gaskiya," ta ce. "Ba yarinya ba ce."

Na ce to, na sauko, ban gaya wa Inna ba.

Daga nan aka shiga sati ukun da kuke yi wa dariya. Na zaci in na ce babu sau biyu sau uku Inna za ta saki zancen. Ashe ban san wadda na auri 'yarta ba. Kowace safiya, da yake yanzu ta samu 'yar aike, sai ta ɗaga Nafisa ta dube ta ta ce, "Ƙawata, ki ce wa babanki yau ya gwada wata kasuwar." Ni kuma in ɗauki jaka in fita, ga babin da malamina yake jira ban rubuta ba, in tafi neman abin da na san inda yake. Tun da ba zan dawo hannu rabbana kullum ba, sai na shiga sayo abubuwan da na tabbata ba su ba ne. Na shiga kantin maganin 'yan Sin a Petaling, mai ɗaruruwan 'yan aljihunan katako a bango, na ce wa tsohon ina neman farin dutse da ake ci. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce in fito da harshena, ya kama hannuna yana jin bugun jini, sai da na yi da gaske ya yarda ba ni ne marar lafiyar ba. Ya naɗo mini wani dutse mai ƙyalli. Inna ta lasa, bakinta ya tsuke, ta tofar.

"Ki ce wa babanki wannan alif ne, na tace ruwan rijiya."

Na kawo baƙin gishirin Indiyawa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta sa aka buɗe tagogi. Na kawo wani ruwan toka a kwalba da Malayawa suke sa wa alawarsu, ta shinshina ta ce ko miyar kuka ba za ta zuba wannan ba. Na kawo hodar yin burodi daga babban kanti. Na je kasuwar Sri Petaling ta yamma na yi zagaye uku na dawo da wani farin abu da har yau ban san mene ne ba. Duk wanda na kawo sai ta karɓa da hannu biyu, ta yi bisimilla, ta kai bakinta. Haushi ya ishe ni: haushin zafin garin, haushin masu kanti da "boleh" ɗinsu, haushin Isyaku da yake tambayata a masallaci ko kunun ya yi daɗi, haushin Zulai da take kwance tana kallon silin kamar ba da ita aka ƙulla ba, haushin tsohuwar da ta ƙi gajiya. Wanda ya kamata in ji haushinsa shi kaɗai na tsallake.

Abin da ban lura da shi da wuri ba shi ne Inna ta rage cin abinci. Ƙafar Zulai ba ta saɓe da sauri ba, kuma a lissafin Inna dalili ɗaya ne: ba a wanke cikin da kanwa ba. 'Yan'uwanta suna kira daga Rano, tambayar farko ita ce ko mai jego tana shan kunu, sai ta yi ƙasa da murya ta ce ana dai yin na tsamiya. Wata rana da la'asar na dawo na tarar da ƙofar ɗakinta a buɗe kaɗan, na ji tana magana da jaririya.

"Laifina ne, ƙawata. Da na ƙulle ta a bakin zanina da ba su gani ba. An kawo ni tun daga Rano don abu ɗaya, na zo na zubar da shi a hanya. In wani abu ya samu uwarki, me zan ce wa mutane?"

Kuka take yi. Na tsaya a wurin da ledar wani dutsen banza a hannuna, na ji kunya ta rufe ni, amma ba irin kunyar da take sa mutum ya yi magana ba. Na lallaɓa na koma ɗakina.

Ranar Asabar da safe na fito na same ta a falo da mayafinta da takalminta, ta rataya jaka. Ba ta bi ta kan jaririya ba wannan karon, bango ta duba.

"A ce wa Malam ya wuce gaba. Namiji bai san kanwa ba."

Na yi duk dabarar da zan yi. Na ce akwai nisa, na ce za a yi ruwa, na ce jirgin yana cika. Ta riga ni isa bakin lif. Haka muka tafi, ni a gaba, ita a baya da taku biyar kamar yadda ya dace, ina tafe ina waiwaye kada ta ɓace, ita kuma duk na waiwaya sai ta tsaya ta kau da kai. A matakalar nan mai tafiya da kanta sai da wata 'yar Malayu ta riƙe mata hannu, domin ni ba dama in taɓa ta. Na zaɓi Chow Kit don na san in na bi da ita ta ƙofar masu kifi, ba abin da zai kai mu layin benen Maman Obinna. Niyyata mu zagaya ta gaji mu koma.

Inna ba ta gaji ba. Tana shiga kasuwar ta zama wata mace daban. Ta danna cikin kifi da yatsa ta yi wa mai shi faɗa da Hausa, shi yana ba ta amsa da Malayanci, kuma wallahi sun fahimci juna, don ya shiga ciki ya fito mata da wani sabo. Ta samo busasshiyar citta a wani lungu da na wuce sau goma. Ta gano kuɓewa ƙanana, da yakuwa, wadda na rantse wa Zulai babu ita a ƙasar. Mai kayan yaji yana ce mata "makcik", wato gwaggo, yana ƙara mata gyara. Ni ina biye da ledoji kamar ɗan dako, gumi yana zuba, ina ta ƙoƙarin karkata ta hagu duk lokacin da ta nufi dama. Muka iso layin mahauta, ta tsaya tana duba ƙafar sa. Sai na ji murya daga bayana, da ƙarfi, da Hausar Kano.

"A'a, Malam! Ina mai jego? Jikin da sauƙi?"

Maman Obinna ce, ta zo sayen ganda. Ban taɓa tunanin mai kanti ma tana zuwa kasuwa ba. Inna ta juyo da sauri, fuskarta ta washe, wata guda ke nan ba ta ji Hausa a bakin wata mace ba in ban da 'yarta. Suka gaisa kamar sun shekara da sanin juna. Ina ta yi wa matar nan ido, ina girgiza kai, ita kuwa hankalinta yana kan tsohuwa.

"Mama, ai kin yi dacen suruki. Ya sayi kanwa a wurina, da likita ta ce za ta taɓa zuciyar 'yarki, da ƙafarsa ya dawo mini da ita. Na ce masa ya gaya miki, ai za ki gane. Kin ga yanzu ba ga shi ba?"

Inna ba ta dube ni ba. Ta ajiye ƙafar san da ke hannunta a hankali, ta goge yatsunta da bakin mayafi.

"Yaushe ya saya?"

"Tun ranar haihuwar ai."

Sai a lokacin Maman Obinna ta kalli fuskata, ta dafe baki. Inna ta ce ta kai ta shagon. Ta hau benen nan da ƙafarta tana dafa bango, ta sa aka ɗauko kanwar, ta lasa, ta gyaɗa kai, ta kwance bakin zaninta ta biya da kanta. Da na miƙa hannu zan karɓi ledar ta matsar da ita ɗaya hannun. A dawowar kuwa ita ce a gaba, har muka isa Wangsa Maju.

Muna shiga ta ajiye kanwar a tsakiyar tabarma ta zauna. Sannan ta yi abin da ban taɓa ji ba, kuma ban sake ji ba.

"Zulai. Fito."

Mahaifiyarku ta fito. Ni na tsuguna a bakin ƙofa, kaina a ƙasa.

"Malam, ɗago ka dube ni. Yau babu bango."

Na ɗago. Ashe tana da wani ɗan tabo a gefen gira, shekara biyu ban sani ba.

"Me likita ta ce?"

Na faɗa mata duka, tiryan-tiryan. Bai ɗauke ni minti biyu ba. Ta saurara har na gama, ta tambayi ko kumburin ƙafar ma daga jinin ne, na ce e. Sannan ta ce:

"Ni na haife ta. Kuna zaton in an ce mini abu zai kashe ta, zan dama in ba ta? Ni ban yi boko ba, amma ba mahaukaciya ba ce. Ita yarinya ce, tsorona take ji. Kai fa? Sati uku kana kawo mini duwatsu ina lasa, kana tsaye kana kallona. Ina kwana ina tashi da cewa ni na cuci 'yata. Wannan ita ce kunyata da kake ji?"

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ta tashi ta shiga kicin, ta dama kunun tsamiya, kuma daga ranar ita ce ta fi likita tsanani, ko gishirin miya sai ta auna da ɗan yatsa. Kanwar ta yi amfani da ita wajen dafa wake, mu biyu muka ci, ban da Zulai. Ƙafa ta saɓe, jini ya sauka, aka yi arba'in, na raka Inna filin jirgi. Na ɗauka magana ta wuce.

Sai da muka dawo gida na gane abin da na rasa. Inna ba ta taɓa canza mini fuska ba. Tana amsa gaisuwata, tana sa mini albarka, tana aiko mini da man shanu da kaka. Amma ba ta sake aikena ba. Da, kafin mu tafi, ni ne ɗan aikenta a Kano: a ce wa Malam ya duba mini kaza a Kurmi, a ce wa Malam ya biya ta Kwari. Bayan Malesiya ko allura take so sai ta jira mijin Rabi, ƙanwar mahaifiyarku, wanda yake zaune a Zariya. In na ji labari na sayo na kai, ta karɓa ta gode, sannan in ga abin a hannun wata jikarta. Shekara sha ɗaya muna haka. Na yi fushi, na huce, na sake yin fushi, na sa Zulai ta yi mata magana, ta ce ita ba ta riƙe ni da komai ba, kawai dai ba ta son ta wahalar da ni.

A ciwonta na ƙarshe gidanmu aka kawo ta, don mu ne kusa da asibiti. Kuna nan, wasunku za su tuna ɗakin da ta kwanta. Ranar da muka dawo daga ganin likita da rana, takardar magani tana hannunta, na tsuguna a bakin ƙofa da makullin mota na ce:

"Inna, a ba ni takardar in sayo."

Ta ninke ta biyu, ta tura ƙarƙashin matashi, ta ce mijin Rabi zai shigo gobe. Na ce gobe ta yi nisa, likita ya ce a fara yau. Muryarta ta riga ta yi rauni, amma babu ko ɗigon fushi a cikinta.

"Bar shi, Malam, kada ka sha wahala. Wataƙila babu shi a garin nan."

Kantin maganin yana bakin layinmu, daga tagar ɗakin ma ana hango shi.